Gurbin Matiyu a Tabarmar Bappa Bobbo

Duk wanda ya zauna a Jekadafari a shekarun farko bayan samun 'yancin kai ya san muryar Matiyu Dokas tun kafin ya san fuskarsa. Shi ne mai bayanin majigi. Idan motar ofishin yaɗa labarai ta kafa farin ƙyalle a fili, hotuna suka fara motsi, Matiyu ne ke riƙe da bakin lasifika yana faɗa wa jama'a abin da ke gudana: yadda ake feshin auduga, yadda ake haƙa masai, dalilin yi wa yara lamba. Ba ya tsayawa kan abin da aka rubuta masa. Yakan raɗa wa mutanen cikin hoton sunaye, ya sa wa jaki magana a baki, har tsofaffi su riƙe ciki don dariya. Daga Kumo zuwa Dukku babu kasuwar da ba ta san wannan murya ba.

Batangale ne daga wajen Billiri, ɗan manomi. Ya yi elementare a makarantar mishan, ya zo Gombe ana saura shekara guda a sauke tutar Turawa, da akwatin kwano ɗaya da amaryarsa Hilda. Suka kama haya a gidan da ke jikin na Bappa Bobbo, wani dattijon Bafillace, tsohon dillalin shanu.

A ƙofar gidan Bappa Bobbo ake ciyayya. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa babbar tabarma, kowane magidanci a layin a fito masa da tuwonsa. Ba wanda ke cin nasa shi kaɗai. A jera kwanuka, a buɗe ɗaya, kowa ya sa hannu har a ga gindinsa, sannan a jawo na gaba. Ruwa kuwa kwanon sha ɗaya ne, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Waɗanda ba su fashi su ne Hudu, direban babbar mota, Babarbare mai bakin tsiya wanda kullum sai ya tsokani Bappa Bobbo da cewa Fulani bayinsu ne, da kuma Aƙilu tela, mutum mai shiru da tsantseni.

Wata guda Matiyu yana wucewa yana gaishe su, suna ce masa bisimilla, yana cewa ya gode. Ran nan Bappa Bobbo ya tsayar da shi, ya ce a wannan ƙofar ba a yi wa maƙwabci tayin fatar baki, gobe ya fito da kwanonsa. Hilda ta wuni cikin zullumi, tana tunanin ko za su ci girkin Kirista. Ta sayi sabuwar langa, ta bi Safiyyatu, matar Bappa Bobbo, har wurin mahaucin da suke sayen nama, don kowa ya ga inda ta saya. Da aka jera kwanuka, nata dattijon ya fara jawowa. Ya gutsuri tuwon, ya dangwali miyar gyaɗa da yakuwa, ya tauna a hankali, sannan ya ce wa Hudu ya matsa baya, wannan miya ta fi ƙarfin bawa. Tun daga ranar Matiyu ya sami gurbi a hannun hagun Bappa Bobbo. Mahaifinsa yana nesa, 'yan'uwansa suna nesa, a Gombe wannan tabarmar ce danginsa. A kanta aka fara yi masa barka da haihuwar 'yarsa Janet.

Ciwon ya shigo ne kaɗan-kaɗan. A bazarar shekarar da aka fara yaƙin basasa idonsa na hagu ya yi hazo kamar an shafa masa man shanu, bayan sati uku ya washe. Da aka shekara biyu ƙafarsa ta dama ta mutu daga gwiwa zuwa ƙasa, yana taka hanya kamar yana taka auduga. Ta dawo bayan damina, amma ba duka ba. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa aka yi masa a wani ƙauyen da ya kai majigi. An ba shi ƙwayoyi a asibiti, fasto ya zo ya yi addu'a, Bappa Bobbo ya kawo saiwa daga rugar wani ɗan'uwansa. Duk ya karɓa ya yi godiya. Abin da shi kansa ya lura da shi shi ne zafi. Idan rana ta buɗe a watan Afrilu sai jikinsa ya saki kamar tsumma, in ya watsa ruwan randa ya ɗan dawo hayyacinsa.

Da ƙafa da ido duk ya iya zama da su, sanda ta rage masa wahala. Da abin ya hau ƙirji da maƙogwaro ne rayuwarsa ta canja. Wani lokaci yana zaune sai ya ji kamar an ɗaure shi da igiyar guga a ƙasan ƙirji, wani yana ja ta baya, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Muryar nan da ake ji daga ƙarshen fili ta fara ƙarewa tun ba a kai rabin majigi ba, ta koma tana fita ta hanci. Ofis ya miƙa lasifika ga wani, shi kuma aka ba shi tebur da aikin jera gwangwanayen fim. Bai yi ƙorafi ba. Sai kuma ƙwarewa wajen haɗiya. Ruwa, wanda ko jariri yana haɗiya, shi ya zame masa abin tsoro. Ya kurɓa sau ɗaya ya sarƙe shi, ya yi ta tari har hawaye su zubo. Tarin ya zauna masa, da kaki, da zazzaɓi jefi-jefi. Ya rame.

A tabarma, da ya ƙware, sai a yi abin da kowa ya gada: a buga masa baya, a miƙo ruwa. Ya sha, tarin ya ƙaru, a ce ya ƙara sha.

To, akwai wani fim na tarin fuka da Matiyu ya yi wa bayani fiye da sau hamsin. Da bakinsa ya koya wa mutanen Gombe cewa duk wanda tarinsa ya wuce wata guda a ware masa kwano da moɗa. Aƙilu bai manta ba, domin wannan ciwon ne ya kashe wansa, ya kuma bi matar wan ya ɗauke. Ba a yi wata magana a gaban Matiyu ba. Sai dai wata rana ya iske wani shuɗin kofin roba, irin sababbin da suka cika kasuwa, an ajiye a gurbinsa. Hudu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai ma'aikacin gwamnati da kofi ya dace. Matiyu ya yi murmushi ya sha a kofin.

Daga nan ya lura da hannuwa. Idan ya sa nasa a kwano, na sauran sai su koma ɗaya gefen, su yi nauyi. Idan aka zo kan langar Hilda, kowa ya ƙoshi. Bappa Bobbo kaɗai ke gutsura, shi ma ɗan cin tsufa.

Hilda ta buɗe langarta a tsakar gida ta ga tuwon kusan yadda ta kwashe shi. Kashegari ma haka. A rana ta uku ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Baban Janet, ko gishiri ne ya yi yawa?”

Ya ce, “Miyarki lafiya lau take. Daga gobe ki bar mini a ciki.”

Haka ya koma cin abinci a ɗaki. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tabarmar. Yana jin ƙarar murfin kwanuka, yana jin Hudu yana sheƙa dariya, har yakan gane wane labari ake yi. Bappa Bobbo ya aiko sau biyu, Matiyu ya ce a ce masa ƙafa ce ta matsa. Bai ga laifin kowa ba, don in da shi ne a wurin Aƙilu, da abin da zai yi ke nan. Amma tuwon ya daina yi masa ɗanɗano, kuma Hilda ta ga yana ramewa fiye da lokacin da yake fita.

A asibitin gari an gwada kakinsa sau uku, an ɗauki hoton ƙirji, aka ce ba tarin fuka ba ne. Da ya tambaya mene ne, aka ce sai dai babban asibiti a Zariya. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, abokan aikinsa suna ta shigowa ofis da sababbin babura da rediyo. Shi kuwa ya kama hannun Hilda suka hau jirgin ƙasa, suka bi ta Kafanchan da Kaduna.

Sati biyu ya yi a can. Wani likita Ba'indiye ya bubbuga masa gwiwa da ɗan guduma, ya haska idonsa, ya sa aka ɗebi ruwa a gadon bayansa, ya kuma zauna ya saurari tarihin ciwon tun daga idon hagu. A ƙarshe ya faɗi sunan cutar, maltiful sikilerosis, ya ce ba kasafai ake ganinta a nan ba. Ya nuna masa wayar fitilar da ke kan tebur, ya ce jijiyoyin mutum kamar ita suke, suna da riga. Wannan cuta rigar take ci, wuri-wuri, sai saƙo daga kai ya riƙa makara a hanya. A maƙogwaro akwai ƙofar da ke rufe hanyar iska idan za a haɗiya. Tasa tana makara, ruwa kuma ba ya jira, sai ya gangara ƙirji. Tarin da zazzaɓin daga nan suke. Ba a ɗaukarta, ba kuma a warkewa, tana lafawa tana tashi. Sannan ya kafa masa dokoki: abu mai kauri ya fi masa mai ruwa-ruwa, loma ƙarama, ya sunkuyar da haɓa idan zai haɗiya, kada ya yi magana da abinci a baki, in kuma ya ƙware kada a ba shi ruwa, a bar shi ya yi tarinsa.

A jirgi, a hanyar dawowa, Hilda tana share hawaye saboda an ce ba a warkewa. Shi kuwa kalma ɗaya yake juyawa a ransa, ba a ɗaukarta.

Washegarin isowarsu ya dogara sanda ya je zauren Bappa Bobbo da takardar likita, ya karanta, ya fassara. Hudu ya ce shi dai ya san takarda ba ta tari. Aƙilu ya dubi ƙasa. Bappa Bobbo ya ce shi bai kori kowa ba, Matiyu ne ya kori kansa, yau ya fito da kwanonsa. Matiyu ya faɗa musu duk abin da ya shafi ɗauka da rashin ɗauka, amma dokokin ya haɗiye su. Da wane baki zai ce wa dattijo kada ka ba ni ruwa? Yaya zai ce wa mutanen da suka sake karɓarsa da ƙyar su sauya cin abincinsu saboda shi? Ya ce a ransa zai lallaɓa.

Kwana huɗu ya lallaɓa. Yana yin ƙananan loma, yana sunkuyar da kai, kafin ya kai ta biyar an share kwano. Kofin roba yana nan a gefensa, ba ya taɓa shi sai ya koma gida. A rana ta biyar Malam Wakili, wani babban malamin makaranta daga Dawaki, ya biyo ta layin. Ya yi sallama, ya hango Matiyu, ya tsaya yana yi masa barka da dawowa, yana tambayar hanya da jiki. Lomar tana bakin Matiyu. Tun yana yaro ba a taɓa gaishe shi ya bar gaisuwa a ƙasa ba, balle ta babban mutum. Ya ɗaga kai ya ce lafiya lau.

Tuwon ya bi inda bai kamata ba. Tari ya turnuƙe shi, idanunsa suka firfito. Hudu ya ja da baya, Aƙilu ya kai hannun riga ga hancinsa. Bappa Bobbo ya ga wannan duka, ransa ya ɓaci. Ya sa bayan hannu ya ture kofin roba, ya ɗauko kwanon shan kowa da kowa, ya riƙe ƙeyar Matiyu da hannu ɗaya, ya kai kwanon bakinsa da ɗayan.

“Sha, ɗana. Wanda yake ƙyama ya kawo nasa gobe.”

Matiyu ya san abin da ruwan zai yi masa. Ya kuma san wata nawa ya yi yana jiran wannan kwanon. Ya buɗe baki ya sha.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kayar da shi, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ce ciwon haƙarƙari ne, ana yi masa allura safe da yamma. A rana ta huɗu Bappa Bobbo ya zo dubiya da hantsi, ya iske shi yana barci, ya fito baranda. Hilda ta biyo shi. Shekara goma sha shida suna maƙwabtaka, maganarta da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ta durƙusa, ta gyara ɗankwali.

“Bappa, ka yi mini aikin gafara. Akwai maganar da ya hana ni faɗa.”

“Faɗi, 'yata.”

“Ruwan nan ne ya kwantar da shi.”

Ya ce wane ruwa, ta ce wanda aka ba shi da ya ƙware. Ta kwashe duk abin da likitan Zariya ya ce ta faɗa masa, tana lissafawa da yatsu. Dattijon ya ce shi tun yana kiwo ya san in mutum ya ƙware ruwa ake ba shi, haka uwarsa ta yi masa, haka ya yi wa 'ya'yansa. Sannan ya tambaya me ya hana Matiyu kau da kai.

“Ya ce ba a mayar da hannun babba. Kuma kwanon kowa ka ɗauko, Bappa.”

Bappa Bobbo ya ce ta sake faɗa masa dokokin daga farko, ta faɗa, ya maimaita a bayanta ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗaukar karatu. Ya tafi bai jira Matiyu ya farka ba.

Bayan an sallamo Matiyu da kwana goma, Bappa Bobbo ya zo da kansa har ƙofar ɗaki, ya ce tabarma tana jira. Matiyu ya fara kawo uzuri, ya ce shi yanzu cinsa sai ya ɓata wa mutane lokaci. Dattijon ya ce ba shawara ya zo nema ba.

Abin da ya tarar ya bambanta. Babu kofin roba. A gurbinsa akwai ƙaramar ƙwarya da kunun tsamiya mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, aikin Safiyyatu. Idan aka buɗe kwano, Bappa Bobbo yakan ja layi da yatsa a kan tuwon, gefen hagu na Matiyu ne, ba mai ƙetarewa. Kuma ba ya cire hannunsa sai Matiyu ya gama, alhali ba a jawo kwano na gaba hannun babba yana cikin na farko. Hudu ya ce wannan mulkin Fulani zai kashe su da yunwa, amma ya jira. Da tari ya zo wa Matiyu, hannun Hudu ya tafi wajen kwanon sha da kansa, sandar dattijo ta sauka a kan yatsunsa. Suka zauna shiru suna sauraron mutum yana tari har ya lafa, abin da ya fi komai yi musu wuya, kuma sun daɗe kafin su saba.

Aƙilu bai iya ba. Ya ci gaba da fitowa, amma yakan ɗebi nasa a murfin kwano ya koma ƙarshen tabarma. Matiyu bai taɓa nuna ya gani ba, kuma har ƙarshe Aƙilu ne ke ɗinka masa riguna, yana rage musu faɗi duk shekara ba tare da an ce masa ba.

Ciwon bai tsaya ba. Bayan shekara uku ya bar aiki, sanda ɗaya ta zama biyu, daga baya sai an ɗauko shi a kujera. Muryar ta koma kamar raɗa, igiyar ƙirjin tana zuwa tana tafiya, kuma kusan kowace shekara sai ya kwanta asibiti sau ɗaya. Amma shekara shida ya ƙara a hannun hagun Bappa Bobbo, langar Hilda tana komawa gida a share.

Maganar gaisuwa ce ta fi ba su aiki, domin layin hanya ce. Mutanen unguwa sun gane, in sun gaida shi dattijo ya amsa a madadinsa. Baƙi ne ba su sani ba. Wata rana wani tsoho mai sayar da igiyoyi daga wajen Kumo ya zo wucewa, ya tsaya cak, ya ce ashe mai majigi yana raye. Ya gaishe shi sau biyu. Matiyu yana sunkuye, haɓa a ƙirji, yana fama da lomarsa. Bappa Bobbo ya ce, “Yana amsawa.” Tsohon ya ɓata fuska, ya ce da ma mutanen gwamnati ba su cika gane talaka ba, ya saɓi igiyoyinsa ya yi gaba.

Tsohon ya kusa shan kwanar layin lokacin da lomar ta wuce. Matiyu ya ɗago, ya ja numfashi, ya taɓa gwiwar Hudu. Hudu ya miƙe da miya a hannu ya ƙwala kira.

“Kai mai igiya, dawo ka karɓi gaisuwarka, yanzu ta iso.”

Tsohon ya dawo yana gunaguni. Sai da ya durƙusa ya kawo kunnensa kusa sannan ya ji. Matiyu ya amsa masa, ya tambaye shi mutanen Kumo, da damina, da auduga. Bappa Bobbo ya ce wa baƙon ya ajiye kaya ya wanke hannu, sannan ya nuna masa layin da ke kan tuwon, ya ce daga nan zuwa dama.